Jariran da ba a lissafa su cikin mamatan yaƙi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiyar mata da ƙananan yara ne, cikinmu akwai ungozomomi da likitoci da masu kula da rigakafi. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu kan wani abu da muke ganin rahotannin yaƙi suna tsallakewa.

Duk sa'ad da faɗa ya ɓarke a wani birni, adadin waɗanda harsashi ko bam ya kashe shi ake bugawa. Ba mu ga laifin manema labarai ba, su ne mamatan da ake iya ƙirgawa a ranar. Sai dai akwai wasu da suka fi su yawa, jariran da ba su cika shekara ba, waɗanda doguwar naƙuda da sanyi da gudawa da ƙyanda ke ɗaukewa a cikin ɗaki, wasu a daren farko, wasu bayan watanni. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da ya duba ƙasashen Afirka 35 daga 1995 zuwa 2015. An gano cewa jaririn da aka haifa cikin tazarar kilomita 50 daga inda ake faɗa, haɗarin ya mutu kafin shekara yana ƙaruwa da kashi 7.7 cikin ɗari, kuma inda faɗan ya ci rai sama da 1,000 ƙarin ya haura kashi 26. Illar tana kaiwa kilomita 100, tana kuma ci gaba har shekara 8 bayan faɗan. Masu binciken sun ƙiyasta jarirai miliyan 3.1 zuwa 3.5 ne suka mutu ta wannan hanya, fiye da ninki uku na waɗanda makami ya kashe kai tsaye.

Birni yana da nasa rauni. Mutumin birni da famfo yake sha, da wayar lantarki asibitinsa ke aiki, abincinsa a mota yake shigowa. In an datse ɗaya, sauran sukan biyo baya cikin kwanaki, kuma jariri ne ya fi kowa ƙarancin abin jurewa. Ko a zaman lafiya, kusan jarirai miliyan 2.3 ne suka mutu a duniya cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu a 2022, kashi uku cikin huɗu a makon farko.

Masu aikin agaji kan ƙaddara cewa kusan kashi 4 cikin ɗari na jama'ar da rikici ya rutsa da su masu juna biyu ne. Birni mai mutum miliyan ɗaya ke nan yana da masu ciki wajen 40,000, wato haihuwa kusan 150 kowace rana, kuma kashi 15 cikin ɗari za su gamu da tangarɗar da sai ƙwararre. Naƙuda ba ta san dokar hana fita ba. Mace ta fara da tsakar dare, direba ya ce ba zai tunkari shingen sojoji ba, a jira wayewar gari. In kan ɗan ya maƙale, sa'o'in nan shida ko bakwai sun isa iska ta yanke masa, ya zo ba rai ko ya zo da lahani a ƙwaƙwalwa. Maganin wannan a takarda yake kafin ya zo asibiti: a rubuta a cikin dokar hana fitar cewa mai naƙuda da ungozoma da motar asibiti suna da izinin wucewa, sannan a tabbata umarnin ya sauka har wurin ƙaramin sojan da ke tsaye a shingen, domin shi ne mai ɗaga ƙarfen. Matan da aka san suna cikin haɗari, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, mai hawan jini, wadda ɗanta ya kwanta a gicciye, a matso da su kusa da asibitin da ke iya tiyata tun cikin mako na 36 ko 37.

Da yawa dai a gida za su haihu, gara a shirya wa hakan. Duk macen da cikinta ya fito a ba ta ƙunshin haihuwa: sabulu, ledar shimfiɗa, sabuwar reza, zaren ɗaure cibiya biyu, safar hannu, tsumma mai tsabta. Allurar oksitosin da ke tsayar da zubar jini tana son sanyin firij, saboda haka inda babu wuta ƙwayar misoprostol ake amfani da ita, maikrogiram 600, wato ƙwaya 3 masu 200, a haɗiya bayan ɗan ya fito. A nan ake yin kuskuren da ke kashewa. In an sha kafin haihuwa don a gaggauta naƙuda, ko an sha alhali akwai ɗan tagwai na biyu a ciki, mahaifa na iya fashewa. Mun kawo maganar uwa a wasiƙar jarirai ne domin jinjirin da uwarsa ta rasu a wurin haihuwa da wuya ya ga ƙarshen shekararsa a irin wannan hali.

Minti ɗaya na farko shi ne inda ake samu ko a rasa. A goge jariri tas, a yar da jiƙaƙƙen tsumman, a murza bayansa. In bai yi kuka ba bai kuma ja numfashi ba, kafin mintin ya cika a ɗora masa 'yar jakar hura iska da murfinta a kan hanci da baki, a matsa kamar sau 40 a minti, ido a kan ƙirjinsa. Ƙirji bai ɗaga ba, to murfin bai zauna ba ko an lanƙwasa wuyan da yawa, a gyara a sake. Wannan aiki ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar oksijin, iskar ɗaki ta wadatar ga mafi yawansu. Lokacin da ake ɓatawa wajen zuƙe majina ko riƙe jariri ƙafa a sama ana marinsa shi ke cinye mintin. Jarirai da dama da ake cewa sun zo babu rai, da ransu suka zo, ba a samu mai hura musu ba ne. Cibiya kuma a dakata minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure a yanke, a shafa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na kulohekzidin mai ƙarfin kashi 7.1 cikin ɗari, kada a ƙara komai, kada kuma maganin ya kusanci ido. Rezar da aka riga aka yi amfani da ita ita ce ƙofar ciwon sarƙe-haƙora: tsakanin kwana 3 da 14 jaririn da ke kama nono da kyau sai ya daina, jikinsa ya sandare, kuma kaɗan ne ke tashi.

Sai wuta. A Nuwamban 2023 man janareta ya ƙare a asibitin Al-Shifa na Gaza, aka fitar da bakwaini daga kwalabe aka jera su a gado, wasu suka rasu kafin a kwashe 31 zuwa Rafah. A Kartum, bayan faɗan da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023, gomman jarirai sun mutu a gidan marayu na Maigoma saboda masu renon sun kasa zuwa aiki, wuta ta ɗauke, madara ta yi ƙaranci, kafin a kwashe kusan yara 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni. Janaretan asibiti don cike gurbi aka saye shi, in ya koma aikin dare da rana ba hutu ba canjin mai, mutuwa yake yi. Na'urar tace oksijin tana cin wat 300 zuwa 600 ne kacal, kuma jariri rabin lita zuwa lita 1 a minti yake buƙata, don haka na'ura ɗaya mai lita 5 da abin rarraba iska tana ɗaukar jarirai da yawa. Asibitin da ya ware wa ɗakin haihuwa da ɗakin jarirai da firij ɗin jini layin wuta nasu na daban, da farantan sola da batir, ya fi wanda ke ƙona dizal yana haska ofisoshi.

Kwalba kuwa tana da madadin da wuta ba ta ɗauke masa. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, Dakta Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu mata saboda ƙarancin kwalabe, abin da ake kira tsarin kangaru. Ana tuɓe jariri ya rage daga ƙunzugu sai hula da safa, a tsayar da shi tsakanin nonon uwa fata da fata, kai a juye gefe, haɓa a ɗan ɗage, a ɗaure da zane, awa 8 zuwa 24 a rana. In uwa ta gaji uba ko kaka su karɓa. Wanda bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi kowace awa 2 zuwa 3. Gwajin da aka buga a 2021 ya nuna fara wannan nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma ko a gari mai zafi sanyi na kama shi, don jiƙe yake zuwa, ba kitse, ga babban kai da ke zubar da ɗumi. A taɓa tafin ƙafarsa, in ya yi sanyi to ya fara. Wanka ya jira awa 24. Kwalbar ruwan zafi tana ƙona fata, gawayi a rufaffen ɗaki kuma hayaƙinsa marar wari yana kashe uwa da ɗa tare.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka tsallake watan farko shi ne gurɓataccen ruwa. Bututun birni duk yana da tsaga nan da can. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Da injinan turawa suka tsaya, sai bututun ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi, har da ruwan masai, ranar da aka dawo da ruwa kuma shi ne farkon abin da ke fitowa a famfo, garau a ido. A birnin Goma na Kongo a 1994 kwalara da atuni sun kashe kusan mutum 50,000 cikin wata guda a cikin 'yan gudun hijirar Ruwanda. A Yaman, inda yaƙi ya durƙusar da tsarin ruwa da na kwata, waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara sun haura miliyan 1 kafin 2017 ta ƙare. Ma'aunin masu agaji shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, masai 1 ga mutum 20, da ragowar kulorin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, a kuma auna shi a bakin famfo ko tankar da ke raba ruwa, ba a matatar ba.

A nan muke roƙon masu zuciyar taimako su saurare mu da kyau, domin garin neman gira ake rasa ido. Rabon madarar gwangwani barkatai a wurin 'yan gudun hijira yana kashe jarirai. Jaririn da ba ya shan nono yana buƙatar kusan kilo 20 na garin madara a wata shida na farko, gwangwani 40 masu giram 500. Mai kyauta ya ba da biyu ya tafi. Kafin su ƙare, kwana goma ko ƙasa da haka, nonon uwar ya ja baya saboda an rage tsotso. Sai ta shiga tsinka madarar don ta kai, da ruwan da ba a tafasa ba saboda babu makamashi, a cikin fidar da ba a iya wanke lungunta. Ƙa'ida ita ce a tafasa ruwa a dama tun yana da zafin digiri 70, abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. Wace uwa ce a ajin makaranta mai mutum hamsin za ta iya wannan sau takwas a rana? Bayan girgizar ƙasar Yogyakarta ta Indonesiya a 2006, an samu gudawa ninki biyu a cikin jariran da aka bai wa gidajensu madarar kyauta.

Ana yawan cewa tsoro da yunwa suna busar da nono. Firgita tana iya riƙe zubowarsa na ɗan lokaci, amma jiki bai daina haɗa shi ba, kuma macen da ta rame tana ci gaba da samar da nono mai kyau sai in yunwar ta yi tsanani ƙwarai. A ciyar da uwar, ƙarin kalori kusan 500 a rana da ruwan sha, a ware wa masu shayarwa wuri mai sirri, a sa jariri a nono cikin awar farko ya sha dakashi, a bar shi ya yi ta tsotso dare da rana. Wadda ta yaye ma nononta na iya dawowa cikin 'yan makonni in ana sa mata jaririn sau 8 zuwa 12 a rana. Maraya kuma, mace mai shayarwa da ta yarda ta karɓe shi ita ce zaɓin farko. In babu, sai a yi masa rajista a hannun ma'aikacin lafiya, a ɗauki nauyin madararsa har ya kai wata shida aƙalla, tare da ruwa da makamashi da sabulu, a ba shi da kofi.

In gudawa ta zo, ba a dakatar da nono. A dama ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a daidai ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1, domin in ruwan ya yi kaɗan gishirin kansa guba ne ga jariri. A ba da mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, da cokali, a hankali, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. A haɗa da zinc, miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba, 20 ga wanda ya wuce, kwana 10 zuwa 14. Maɗiga ta lotsa, ido ya faɗa, ya kasa sha, wannan sai ƙarin ruwa a asibiti. Ga ɗan ƙasa da wata biyu, ƙin nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti, lotsawar ƙirji, zafin da ya kai 38 ko sanyin da ya sauka ƙasa da 35.5, kowanne ɗaya ya isa a gaggauta. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, inda ba halin kaiwa babban asibiti, ƙaramin asibitin unguwa ya yi allurar jentamaisin ya haɗa da amoksisilin na sha, muddin ma'aikacin ya samu horo kuma ya auna nauyin jaririn.

Rigakafi shiru yake tsayawa, sai bayan watanni a ga sakamakon. Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 da ba su da kariya. Shi ya sa a wurin cunkoso ake saukar da shekarun allurar zuwa wata 6, a haɗa da bitamin A, a nemi kai wa kashi 95 cikin ɗari, wanda aka yi wa kafin wata 9 kuma a maimaita masa. Shan inna ya dawo Siriya a 2013 bayan ɓacewarsa tun 1999, ya bayyana a Gaza a Agustan 2024 a jikin ɗan wata 10. Allurai suna son digiri 2 zuwa 8. Mutane zafi suke tsoro, amma daskarewa ma tana lalata ta biyar-a-ɗaya, mai kariya daga cututtuka biyar, da ta sarƙe-haƙora in an jingina su da ƙanƙara, ta ƙyanda kuma da an haɗa ta da ruwanta awa 6 ce iyakarta.

Yunwa tun a ciki take kama jariri. A ƙawanyar kwana 872 da aka yi wa birnin Leningrad na Rasha daga 1941, rabon burodin yara da marasa aiki ya sauka zuwa giram 125 a rana, nauyin jariran da aka haifa a farkon 1942 ya ragu da wajen rabin kilo. A biranen yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 ragin ya kai kusan giram 300, waɗanda suka rayu kuma an same su da yawan ciwon suga da na zuciya da suka manyanta. A Sarayebo, babban birnin Bosniya, da aka killace daga 1992 zuwa 1996, mutuwar jarirai a gab da haihuwa ta ninka fiye da sau biyu. Ba sai an yi harbi ba ma. A Benezuwela durƙushewar tattalin arziki ce ta kori likitoci ta ƙarar da magunguna, alƙaluman ma'aikatar lafiya suka nuna mutuwar jarirai ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a 2016. Da aka fitar da alƙaluman a 2017, ministar lafiyar aka sallama.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Rajistar asibiti a lokacin rikici tana yaudara, mace-mace kan ragu a littafi don mutane sun daina zuwa. Jinjirin kwana biyu ba a yi masa takardar haihuwa ba balle ta mutuwa, iyalin da suka ƙare ko suka tsere kuma babu mai ba da labarinsu ga masu ƙidaya. Masu agaji kan bi ungozomomin unguwa da masu haƙar kabari su tattara adadi mako-mako, in mutuwar 'yan ƙasa da shekara biyar ta wuce 2 cikin kowane 10,000 a rana, an shiga halin gaggawa.

Doka kuwa akwai ta. Sashe na 23 na Yarjejeniyar Janeba ta huɗu ta 1949 ya wajabta barin magunguna su wuce, da abincin yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu jego. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2286 na 2016 ya la'anci kai wa asibitoci hari, mai lamba 2417 na 2018 ya la'anci amfani da yunwa a matsayin makami. A El Salbado a 1985 gwamnati da 'yan tawaye sun yarda da ranakun tsagaita wuta don a yi wa yara rigakafi, aka kuma ci gaba da hakan shekara bayan shekara.

Roƙonmu shi ne wakilinku da ya shiga birnin da ake rikici ya ƙara wasu tambayoyi a kan nawa aka kashe. Dizal ɗin kwana nawa ya rage a asibitin haihuwa? Ungozoma nawa ke kwana a bakin aiki? Awa nawa ruwa ke zuwa, wa ke auna kulorin ɗinsa? Yaushe aka yi allurar ƙyanda ta ƙarshe? Wa ke raba madara, wa ya ba shi izini? Ya kuma koma ya sake yin tambayoyin bayan an sa hannu a kan sulhu, domin ma'aikatan da suka tsere ba duka ke dawowa ba, horar da sabuwar ungozoma yana cin kusan shekara uku, bututun da ya fashe kuma ba ya gyaruwa ranar da aka janye shingaye.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar mata da ƙananan yara